Ƙarin Girman da Baba Almakashi Ya Ƙi

A kamfanin ɗinki da nake aiki akwai wani dattijo da muke kira Baba Almakashi. Shi ne gwaninmu a yankan yadi. Idan ya shimfiɗa yadi a kan dogon tebur ya zana da alli, ko ƙyallen da zai yi aljihu ba ya ɓarnatarwa. Mutumin kirki ne, sai dai yana da hali guda: ba ya tambaya. A ganinsa tambaya ta yara ce. Ko hanya ce ta ɓace masa, gara ya wuni yana zagaye da a ji ya ce "ina ne nan?"

Duk ƙarshen wata idan aka ba mu takardar albashi, layin ƙasa kawai yake dubawa, ya yi tsaki, ya cusa ta a aljihu. Haraji da fansho da kuɗin asibiti duk sunansu ɗaya a wurinsa, wato "sun yanke."

A shekarar nan 'yarsa Auta ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. An ba da wa'adin biyan kuɗi, wanda bai biya ba a ba wani gurbinsa. Albashin Baba kuwa da ƙyar yake kai su ƙarshen wata. Ana cikin haka Manaja ya kira shi, ya yi masa tayin shugabancin sashen yanka, tare da ƙarin albashi mai tsoka. Baba ya ce zai yi tunani.

Da lokacin cin abinci ya yi, sai ya ba mu labari. Akwai wani matashi a sashensu da muke kira Lauya, saboda babu maganar da ba shi da hukunci a kanta. Nan take ya ajiye cokali.

"Baba, kada ka yarda, tarko ne! Albashinka na haura wani mataki, harajinka zai yi tsalle. Wani abokin yayana ƙarin girma aka yi masa, ya koma yana kwasar abin da bai kai na da ba."

Baba ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Ofishin Akanta, matar da ke lissafa albashinmu, yana bene ɗaya a samanmu, amma bai hau ba. Washegari ya shaida wa Manaja cewa ya gode, shi kam ba zai yi wa gwamnati noma ba. Ya dawo yana taƙama, ya ce mana ba a yi masa wayo.

Ba a yi mako ba aka sanar da sabon shugaban sashe. Lauya ne.

Baba ya tare shi a bakin tebur, almakashi a hannu. "Kai ba kai ka ce min tarko ne ba?"

Lauya ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba haka na ji ana faɗa, ban yi don in cuce ka ba. Da aka yi min tayin ne na hau wurin Akanta na tambaya, sai ta ce ba haka ba ne."

A gida ma bai sha da daɗi ba. Matarsa ta ce, "Baban Auta, yaron da ka koya wa riƙe almakashi ya iya hawa bene, kai ƙafarka ce ke ciwo?" Auta kuwa sai ta ninke takardun makarantarta ta mayar cikin akwati, kuma wannan ya fi faɗan uwar yi masa zafi.

Da safe muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: Baba yana hawa bene. Ni ya ja in raka shi, wai ko zai manta wani abu. Akanta ta miƙe ta ba shi kujera. Ya daɗe yana gyaran murya kafin ya ce, "'Yata, tambaya na zo yi."

Ta ce, "Baba, ba ni tef ɗin awon da ke wuyanka." Ta shimfiɗa shi a kan tebur. "A ce wannan albashinka ne. Daga farko zuwa nan, ba a taɓa shi. Daga nan zuwa nan, ana cire kaɗan. Wannan na ƙarshen shi ake cire wa da ɗan yawa. Idan aka ƙara maka albashi, tsawo aka ƙara wa tef ɗin. Harajin da ya ƙaru, a kan ƙarin kaɗai yake, ba ya komawa baya ya ci na farkon. Da ka karɓa, da mafi yawan ƙarin aljihunka zai shiga."

Baba ya ƙura wa tef ɗin ido. Ta ja takardar albashinsa ta bi da shi layi-layi. Ta nuna masa cewa fansho ajiyarsa ce da zai tarar ranar da hannu ya gaji, kuɗin asibiti kuma shi ne ya biya maganin matarsa bara. Ashe har aikin ƙarin lokaci ya yi shekaru yana ƙi saboda tsoron haraji. Da ya faɗi haka, sai da na ji tausayinsa ya kama ni.

"To yanzu karatun Auta ya tafi ke nan?" ya tambaya a hankali.

Akanta ta danna na'urar lissafi. Ta ƙiyasta abin da zai samu idan ya riƙa tsayawa bayan tashi, ta cire haraji da fansho, ta juya masa na'urar. "Zai isa kafin wa'adin, Baba, amma da ƙyar. Sai dai shugaban sashe ne ke raba aikin."

Baba ya sauko, ya ratsa tsakanin kekunan ɗinki, ya tsaya gaban Lauya kowa yana gani. "Shugaba, ina roƙon ka sa ni a aikin ƙarin lokaci." Lauya ya zabura ya miƙe, kunya ta rufe shi. "Haba Baba, ka daina ce min shugaba. Duk aikin da ya samu, kai ne na farko."

Haka Baba ya yi ta tsayuwa har ƙafafunsa suka kumbura. Ana saura kaɗan wa'adi ya cika ya biya kuɗin, Auta ta shiga makaranta. Ranar ya sake hawa bene, wannan karon shi kaɗai. Daga ƙasa muna jin muryarsa yana sa wa Akanta albarka, ita da iyayenta da 'ya'yanta. Da ya sauko idanunsa sun yi ja. Ya ce mana, "Kujera ta wuce ni, kuma ni na kore ta da bakina. Amma na gode wa Allah da bai bar girman kaina ya cinye karatun yarinyar nan ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya yanke hukunci a kan guminsa da jita-jitar wurin cin abinci. Ka san abin da ake cirewa daga albashinka, ka san dalilinsa da inda yake zuwa. Abin da ba ka gane ba, ka je wurin wanda aikinsa ke nan ka tambaya tun kafin ka ce e ko a'a, domin kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, asarar rashinta kuwa har iyalinka take shafa. Wanda kuma ya zauna ya fahimtar da kai, ka riƙe alherinsa, ka gode masa.