Kura Ta Saci Barkwancin Biri

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari!

Biri ɗan kama ne, da ban dariya yake ciyar da iyalinsa. Kullum in ya gama wasa a kasuwa sai ya ce, "Wanda bai yi dariya ba ya jefe ni da goruba!" A jefo, ya cafe, ya haye bishiya.

Ranar yaye ɗaliban makarantar dawa aka ba Kura jawabi. Biri na zaune sai ya ji barkwancinsa na fitowa daga bakinta, har da ɗan tarin da yake yi a tsakiya.

Ya miƙe ya ce, "Haba Kura! Shekara bakwai ina haɗa maganganun nan, ko sunana ba za ki ambata ba?"

Ta ce, "Zauna, malam. Dariya tana da mai ita ne?"

Biri ya ja tsaki ya ce, "To ƙarasa, saura na ƙarshen."

Kura ta ɗaga murya: "Wanda bai yi dariya ba ya jefe ni da goruba!"

Kowa ya sha jin wasan a kasuwa, ba wanda ya dara. Goruba ta yi ta sauka a kanta. Ba ta iya cafewa, ba ta iya hawa bishiya, sai ihu. Nan taro ya fashe da dariya.

Biri ya ce, "Yauwa, wannan kam taki ce."

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera!