Indararo Bakwai da Awaki Biyu

Ko Alƙur'ani na dafa muku, na san ba za ku gaskata wannan labari ba, amma ku saurara, in ya so ku ƙaryata ni daga baya.

An yi wani sarki a Birnin Gangare, mai adalci da tsantseni, wanda a zamaninsa fatake suka yi ta kwararowa suna neman wurin zama, har gidan da jiya ake bayarwa a kuɗin jaki ya koma sai kuɗin doki da sirdinsa. Amma haraji yana nan yadda kakanni suka bar shi, kowace ƙofa kuɗinta ɗaya, da mai soraye goma da mai bukkar ciyawa duk bakinsu ɗaya. Abin ya hana sarki sukuni. Sai ya tara majalisa ya ce yana so kowane gida ya biya gwargwadon ƙimarsa, amma da sharaɗin kada ƙafar baƙon namiji ta wuce zauren kowa, domin cikin gida hurumin mata ne. Ya ce, "To, ya ku ma'abota ilimi, ta yaya za a san darajar gidan da ba a shiga ba?"

Bayan kwana uku waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, kowane soro yana da indararon da ke zubar da ruwan rufinsa, kuma bakin indararo a waje yake. A ƙirga indararo, an ƙirga ɗakuna." Majalisa ta yaba, aka yi shela.

To, a birnin akwai wani dillalin gidaje, Tunau, wanda ya jingine allonsa tun bai kai izu biyar ba, amma bakinsa ya yi sauka har sau biyu. Shi ne ya taɓa sayar wa wani bafatake gida mai rijiyar da ta ƙafe, bayan ya sa an juye mata tulu arba'in da safe, kuma kullum yana ba da labarin a bakin kasuwa yana buga cinya. Da ya ji shela, sai ya ce waziri ya yi karatu, amma bai yi dillanci ba. Dabararsa ba ta da wuya: a zare indararo, a toshe ramin da laka, a shafe, in masu ƙidaya sun wuce a mayar. Tun da rani ne, wa zai yi asara?

Don mutane su yarda su ba shi la'ada, sai ya fara da gidan da ya fi sani, wato gidan da mahaifinsa marigayi ya gina tubali bayan tubali, inda mahaifiyarsa Inna Tabawa take zaune. Indararo bakwai ne a gidan. Ya hau tsani ya zare shida, maƙwabta na kallo. Tsohuwa ta fito tsakar gida ta ɗaga kai, ta ce masa ruwan sama bai san haraji ba. Ya yi dariya ya ce, Inna, ke dai ki bar wa masu kai aikin kai.

Ranar ƙidaya kuwa ya tare malaman sarki a ƙofar zaure, ya karya wuya, ya ce ai wannan ba gida ba ne, kango ne, ubansa ma bai iya gini ba, in an sami mai saye a kuɗin awaki biyu a yi masa hanzari kafin ya farka. Malami ya rubuta a daftari: kango, indararo ɗaya, ƙimarsa awaki biyu, da bakin ɗan mai gida. Abin da Tunau bai sani ba shi ne Inna Tabawa tana bayan ƙyauren zaure, ta kawo wa baƙi ruwan sha. Ta koma da ƙwaryarta a cike.

Kafin sati biyu rabin birni ya toshe bakinsa, aljihun Tunau kuwa ya buɗe nasa. Da aka kai daftari fada, waziri ya ga unguwar attajirai ba ta kai ƙauyen masunta yawan indararo ba, sai ya sa aka yi shela za a sake ƙidaya, kuma ba za a faɗi rana ba. Nan dabara ta juye ta zama tarko. Ba mai ƙarfin halin mayar da indararonsa, don tsoron kada malaman sarki su ɓullo. Tunau yana ta kwantar wa mutane da hankali, wai damina da sauran wata guda, ya ji daga bakin masu duban taurari.

Ran wata Laraba da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har la'asar. Ruwa ya tsaya a kan rufi ya rasa hanya, laka ta jiƙa, azara ta yi ƙara. Soraye talatin da ɗaya suka zube a birnin, Allah dai ya kiyaye rayuka. Tunau ya iso gida a guje ya tarar da ɗakin mahaifiyarsa ya rufta, ita kuma tana zaune a kan turmi a bakin hanya, zaninta sharkaf, tana riƙe da fantekar aurenta da ta iya cirowa, matar da shekara arba'in maza ba su ga fuskarta a waje ba. Masu wucewa suna kau da kai don kunya. Ta dube shi sau ɗaya kawai. Ya gwammace ta zage shi.

Washegari sarki ya tara majalisa da masu gidajen da suka faɗi, ya nemi sanin dalili. Kowa ya sunkuyar da kai, domin duk wanda ya nuna Tunau da yatsa, sauran yatsun kansa suke nunawa. Sai wani tsohon magini, Cinɗo, wanda ko rigar kirki ba shi da ita, ya nemi izini ya ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa bangon gidajen nan, duk inda aka zube akwai sabon yaɓe a gurbin indararo. Laifin jama'a a fili yake. Amma ina neman afuwar waziri, hikimarsa ta ɗora haraji a kan abin da ke raya gida, kuma wanda aka ce ya biya kuɗin numfashi, zai gwada riƙe hanci."

Waziri ya ce gaskiyar tsoho ce. Sarki ya ce, to mas'alarsa tana nan ba a warware ba.

Cinɗo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba wanda ya san gida kamar mai shi. Kowa ya faɗi ƙimar gidansa da bakinsa gaban shaidu biyu, a rubuta. Da ita za a yanka masa haraji. Da ita zai sayar in ya tashi sayarwa, ba ƙari. Da ita kuma baitulmali zai agaza masa ran da gobara ko ruwa suka ci shi. In ya rage, kansa ya rage wa. In ya ƙara, shi zai ɗauki nauyin."

Sarki ya yi murmushi, ya ce a fara tun yau, a buɗe daftari a agaza wa kowa bisa abin da aka rubuta da bakinsa. Malami ya yi ta karantawa har ya zo kan gidan marigayi mahaifin Tunau, ya ɗaga murya ya ce: kango, awaki biyu. Aka jawo awaki biyu daga garken fada, aka miƙa wa Tunau igiya a tsakiyar majalisa. Ɗaya ta yi kuka. Dariyar da aka danne ta fashe, daga nan harsuna suka saku, kowa ya faɗi nawa ya ba shi la'ada. Mutumin da ya saba sayar da rijiya busasshiya ya tsaya riƙe da igiyar awaki, kansa a ƙasa.

Ana cikin haka sai aka ce wata tsohuwa tana neman iso. Inna Tabawa ta durƙusa daga nesa, lulluɓe da mayafin aro, ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ban zo roƙon gini ba. Mijina shekara tara yana gina gidan nan, ɗaki bakwai ne, kuma ya iya gini. A kankare kalmar kango daga daftarin sarki, a rubuta gaskiya, zan biya harajin bakwai ko da kaɗin zare ne."

Tunau ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige, da shi da awakin.

Sarki ya sa aka gyara rubutun a gabanta, ya yafe mata haraji muddin ranta, ya ce baitulmali zai ba da azara da kuɗin magina. Cinɗo kuwa aka yi masa riga da rawani, aka ɗora shi a kan ƙimar gidajen birni duka. Sannan sarki ya juya ga Tunau ya hukunta cewa zai mayar da la'adar kowa, zai hau tsani ya dasa kowane indararo da hannunsa, kuma shi zai kwaɓa ƙasa ya ɗauko ta a ka har soraye talatin da ɗaya su tashi, na mahaifiyarsa ne farko. Awakin kuma a bar masa, ya ɗaure su a ƙofar gida, kada ya sayar, kada ya yanka.

Haka aka yi. Damina guda yana tafe da kwandon laka, awaki na binsa da kuka, ba wanda ya ƙara jin labarin rijiya. Ran da aka gama rufin ɗakinta, Inna Tabawa ta miƙo masa ruwa a ƙwaryar nan, ta ce ya sha, ai wannan karon baƙon ya cancanta. Kada ku tambaye ni yadda na san nauyin kwandon, ko dalilin da har yau gashi bai fito a tsakiyar kaina ba.

Masu hikima dai sun ce adalci shi ne a auna wa mutum da mudun da ya kawo da hannunsa, kuma wanda ya rage mudu don ya cuci sarki, da shi za a auna masa ranar da ya zo neman tsaba.