Tankin Da Aka Musanya

An yi wani mutum a wani ƙauye cikin ƙasar Miga, manomin riɗi, mai faɗa a ji. Sahun gaba ba ya wuce shi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana nan da rai, in har wannan rayuwa ce.

Makarantar ƙauyen ba ta da rijiya. Yara a kududdufi suke sha, inda shanu ke sha. Sai wasu bayin Allah daga Dutse suka kawo sabon tankin roba da indararo, don a tari ruwan sama daga kwanon aji. Lokacin hutu ne, damina ba ta faɗi ba. Wa za a ba ajiya? Kowa ya nuna shi.

Ya 'yan uwa, ashe a gonarsa akwai wani tsohon tanki baƙi, girmansu ɗaya, wanda ya daɗe yana dama maganin feshi a ciki. Ya dubi sabo, ya dubi tsoho. Zuciya ta ce masa roba ai roba ce. Ya ɗauraye tsohon, ya goge shi har ya yi ƙyalli, ya kai makaranta. Sabon kuwa ya shige bayan ɗakinsa.

Shin bai san abin da ya aikata ba? Ya sani sarai. Ranar da aka koma karatu ya kira autarsa Nusaiba, ya miƙa mata gora cike da ruwan gida.

"Kada ki kuskura ki sha na makaranta. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ruwa ya sauka, tanki ya cika, iyaye suna sa masa albarka yana cewa amin. Rana tana dukan roba, dafin da ya kama jikinta yana tsattsafowa cikin ruwa. Yara suka fara ciwon kai da amai. Wasu suka ce ciwon shawara ne, wasu suka ce iska. Yana ji, yana shafa gemu. Tasa 'yar dai lafiyarta ƙalau.

Abin da ya manta shi ne yarinyar tana da tausayi. Ƙawarta Hamida ta kasa riƙe komai a ciki, sai Nusaiba ta riƙa ba ta gorarta kullum. Ita kuma in ƙishi ya matsa mata, ta lallaɓa famfon tanki.

Ranar da Nusaiba ta yanke jiki ta faɗi, malamarsu ta rungume ta, mutane sun kewaye su. Da ƙyar yarinyar ta buɗe baki.

"Malama, kada a gaya wa Baba na sha. Ya hana ni shan na makaranta."

Kowa ya ji. Ba a kai asibiti ba rai ya yi halinsa. Kafin a dawo daga maƙabarta an leƙa bayan ɗakinsa, an ga sabon tankin makaranta.

Ba wanda ya taɓa shi. Sauran yaran sun warke. Shi kuwa yana nan gindin sabon tankinsa, cike da ruwa garau, in an kai masa moɗa baki sai ya kau da kai yana kuka.

Ya 'yan uwa, wanda ya tsare ɗansa daga abin da ya zuba wa 'ya'yan mutane, ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Amanar ruwan sha amanar rai ce. Me aka ba ka ajiya? Je ka duba shi yau.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare mana zuri'a daga sharrin hannuwanmu. Amin.