Takobin Ƙarfe da Takobin Soso

Akwai wani tsohon maƙeri a garin Gabrovo, ana ce masa Kolyo. Shekara arba'in da biyar ya yi yana ƙera wuƙaƙe, har ana cewa in ka sayi wuƙarsa, jikanka ma zai gaje ta. Tun da matarsa ta rasu ya rufe maƙera, ya koma zaman bakin taga da rediyo.

Jikarsa Rumyana ce ke zaune da shi. Ma'aikaciyar jinya ce, amma in ta taso aiki ba ta da abin yi sai ɗinki da yanke-yanke. Duk shekara ana wani babban taro a Sofiya, babban birnin ƙasarsu, inda masoya labaran zane da wasannin kwamfuta ke yin shigar jarumansu, a hau dandamali a yi gasa. Bana ne karon farko da sunanta ya shiga cikin 'yan gasa. Shigar wata jaruma mai takobi za ta yi, kuma wata tara ta kwashe tana haɗa kayan.

Sulken da ta haɗa bai dami Kolyo ba. Takobin ne ya tsaya masa a rai. Da soson shimfiɗa ta yi shi, irin wanda masu hawan dutse ke kwana a kai, ta manna, ta goge, ta shafe shi da fenti ruwan azurfa.

Duk sanda ya gan shi sai ya taɓe baki. "Jinin maƙera da takobin katifa. Wannan ko cuku ba zai yanka ba."

"Ai ba yanka za ni ba, tsoho," in ji ta.

Ta sha ƙoƙarin yi masa bayanin dokokin taron, shi kuwa sai ya ƙaro muryar rediyo. A ganinsa, me yarinyar da aka haifa jiya za ta gaya masa game da takobi?

Tsohon nan akwai taurin kai, amma akwai son jikarsa. Ba zai iya jure a yi mata dariya a Sofiya ba. Don haka kullum ta fita aiki, sai ya lallaɓa ya buɗe maƙera. Mako uku yana bugun ƙarfe, yana ƙera mata takobi na gaske. Tsufa ya rage masa saitin hannu yanzu, har ya ƙone yatsu biyu, ya ce mata tukunyar wake ce.

Ranar tafiya da safe, tana wanka, ya zare takobin soso daga doguwar jakarta, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya sa nasa. Sannan ya ce zai raka ta. Murna ta kama Rumyana, don shekara biyar tana roƙonsa ya zo ya gani. Ya hana ta taɓa jakar. Awa uku a bas yana rungume da ita, yana murmushi shi kaɗai.

A ƙofar taron akwai teburin duba kaya. Matar da ke wajen ta zuge jakar, ƙarfe ya haska. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, "Baba, aikin nan ya yi kyau, amma ƙarfe ba ya shiga nan, ko mai kaifi ko dakusasshe. Dubi cunkoson da ke ciki."

Sai a lokacin Kolyo ya dubi hannuwan mutane da kyau. Gatura, masu, garkuwa, duk soso ne. Saura awa biyu a kira Rumyana, takobinta kuma yana can Gabrovo, ƙarƙashin gado. Ba takobi, shigar ba ta cika ba.

Ya juya ya dubi jikarsa. Ya jira ta yi faɗa, don da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Idanunta sun ciko, gaskiya ne. Amma sai ta shafa takobin, ta kamo hannunsa, ta dubi ƙonannun yatsun.

"Kaka, ashe wannan ce tukunyar waken?"

Ya gyaɗa kai.

A irin wannan taro ba a rasa kusurwar gyara, inda wanda kayansa suka ɓalle ke samun gam da allura. Matar ta adana musu takobin ƙarfen, ta nuna musu hanya. Kan ka ce kwabo labari ya bazu. Wani ya kawo ragowar soso, wata ta kawo fenti, wani ya zare sandar roba daga cikin mashinsa na soso don a sa a tsakiyar sabon takobi.

Kolyo ya cire hula, ya zauna. "Koya mini, 'yar nan. Ban iya ba."

Rabon da ya faɗa wa wani wannan magana tun yana ɗan koyo.

Awo kam bai buƙata ba, surar takobi na cikin kansa. Ya zana, ya yanka, ya fiƙe baki. Ita kuma ta nuna masa yadda ake hura wa soso iska mai zafi har ya yi laushi ya lanƙwasu. Ya tsaya yana kallo.

"Au, shi ma sai da zafi?"

"Sai da zafi, tsoho. Ƙira ce, kai ne dai ka raina ta."

Ta hau dandamali fenti bai gama bushewa ba, tafin hannunta duk azurfa. An tafa mata sosai, amma ba ta ci ba. Kolyo ya sani sarai, da takobin ƙarƙashin gado ne, wataƙila da ta ci.

A bas, bayan sun bar Sofiya, ya ce, "Na ɓata miki wata tara. Ki yafe mini."

Ta jingina kanta a kafaɗarsa. "Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma gasa akwai ta baɗi. Wancan takobin ni kaɗai na yi shi. Wannan mu biyu muka yi."

Tsohon ya juya yana kallon taga don kada ta ga idonsa. Sandar soson nan kuwa, ita ya rungume har Gabrovo.

Darasi: Gwanintarka a fagenka ba ta sa ka san fagen wani. Kafin ka taimaki mutum, saurari abin da yake buƙata. In kuma wanda ke ƙaunarka ya yi maka ɓarna da kyakkyawar niyya, dubi ƙunar hannunsa kafin ka dubi asararka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsoho mai taurin kai a gida.