Kuɗin Gonar Alhaji Na'iya

Ku gyara zama, kuma kada wani ya katse ni sai na dire.

Alhaji Na'iya mai fatu mutum ne da ko canji ka ba shi sai ya ɗaga kuɗin sama ya duba. Amma da ya sayar da gonarsa ta gado, wani dillali mai zaƙin baki ya lallaɓa shi ya zuba kuɗin kaf a hannun jarin wani kamfanin man gyaɗa. "Alhaji, biliyan biyu gare su a banki, a kwance!" Alhaji na jin biliyan, sai ya shirya zuwa banki.

Ran nan Bashari, babban ɗansa, direban tirela, ya dawo daga lodi. "Baba, kwana huɗu na yi a ƙofar kamfanin nan. Inji biyu ke aiki cikin biyar, manoma na zube a inuwa suna jiran kuɗin gyaɗar bara."

Alhaji ya harare shi. "Kai dai mota kake so in saya maka." Amma ya fasa fita, ya ce a nemo masa takardun kamfanin.

'Yarsa Shamsiyya, akanta, ta zauna da rahoton shekara. "Baba, biliyan biyun gaskiya ne. Amma juya shafi, ana bin su tara. Cire biyu daga tara, bakwai ke wuyansu. Ribarsu da ƙyar take biyan kuɗin ruwa."

"Wane babban ɗan kasuwa ne ba ya cin bashi? Ni ma da shi na fara! In lokacin biya na da nisa, mene ne? Ko mijinki ne ya turo ki?" Ya dai ƙara mako guda.

Sagir tela, na ukunsu, bai yi musu ba. Ya san sai mai hannun jari ake bari ya shiga taron shekara, don haka ya sayi na dubu biyar da kuɗin ɗinkinsa. A zauren ya miƙe, wayarsa na ɗaukar murya. "Ranka ya daɗe, bashin nan yaushe za a biya, kuma da wane kuɗi?" Shugaban kamfanin ya kurɓi ruwa, ya ce a wuce. Sagir ya ƙi zama, mutane suka ɗau hayaniya. Dole shugaban ya amsa: wata shida, kuma da dala. Masu sayar da mai da naira, jama'a!

Alhaji ya saurari muryar sau uku, ya kori dillalin da sanda. Kafin kaka, hannun jarin ya zube warwas.

Kuɗin gona sun tsira. Sai dai idon Alhaji ya fara rauni, dole ya damƙa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan nan uku amanar kuɗin, ga shi har yau yana kallon kowannensu a kaikaice.

To, ku da kuke ta gyaɗa kai, wa zai ba? Wanda ya gano da ido, ko wadda ta lissafa, ko wanda ya tatso gaskiya daga bakin mai kamfani?