Kwalbar Mama

Akwai wani tsohon kafinta da kowa a layinsu yake kira Baba Sannu. Sunan ya bi shi ne don ba ya gaggawa a komai. Ko ƙusa zai buga sai ya juya ta, ya dube ta, kamar zai tambaye ta mutanen gida.

A bayan shagonsa akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da aka rufe da buhu. In ka shiga, sanyi ne zai fara tarar ka, sai ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Kantoci ne jere har sama, ɗauke da ledojin garin katako. Daga bakin kowace leda laimar kwaɗi ta leƙo, ja mai sheƙi kamar an goge ta da man katako.

Ba irin wadda take fitowa a juji ba ce fa, jama'a. Kar wani ya je ya tsinko ya ce ni na aike shi. Wannan wata iri ce da ake busarwa, a niƙa, a zuba a abin sha.

Marigayiya matarsa ce ta fara. Ta yi shekaru tana wanke kwalabe a ɗakin gwajin wata makarantar noma, a can ta koyi yadda ake renon irin. Wata rana bayan ruwan sama ta ga wata ja a jikin kututture, ta yanko ta, ta raya ta a kwalbar dafaffen hatsi. Daga wannan kwalba duk abin da ke ɗakin ya fito.

Bayan rasuwarta Baba ya riƙe dokokinta guda uku. Garin katako sai ya yi awa goma yana turara a duro, ya kuma huce sarai kafin a zuba iri. Ba a cire laima sai farin da ke gefenta ya ɓace. Sannan kullum akwai kwalba ɗaya a saman kanta da ba a taɓawa, sai in za a sabunta ta. Ita suke kira kwalbar Mama.

Da safe Baba yakan shiga da abin feshi. Ruwan yakan tsaya a iska cikin ɗan hasken da ya ratso buhu, jar ƙurar laima tana yawo a cikinsa a hankali. A nan yake zama a kan benci yana ba matarsa labarin yara. Wani lokaci har dariya ake jiyo shi yana yi.

Yaran biyu ne. Auta tana da ɗan shagon kofi da shayi a bakin titi. Yayanta kuwa Manaja ake ce masa tun yana ƙarami, don tun kafin ya iya ɗaura takalmi ya iya ba da umarni.

Shekara da shekaru ba wanda ya damu da laimar Baba. Sai kawai duniya ta juyo. Ka buɗe waya, laima. Ka shiga kanti, ga kofi mai laima, cakulan mai laima, har biskit. Wannan ya ce tana kwantar masa da hankali, wancan ya ce ta rage masa gajiya. Auta ta fara zuba rabin cokali a kofi, kafin wata uku ma'aikatan ofisoshi suna layi a ƙofarta.

In an tambayi Baba ko gaskiya ne abin da ake faɗa, sai ya ce, “Ni kafinta ne, ba likita ba. Mai ciwo ya je asibiti. Abin da na sani, ɗaci gare ta, kuma matata tana son ta.”

To akwai wata tsohuwa mai sharar layin, kowa Inna yake ce mata. Wata safiya, tun kafin wannan yayin ya yi ƙarfi, ta leƙa ɗakin ta tsaya da tsintsiya a hannu, baki buɗe.

“Malam Kafinta, wannan fure ne ko me?”

Baba ya yi mata bayani, ya ɗauko wani guntun itace da ya huda ya cusa wa iri, ya miƙa mata.

“Ki ajiye a inuwa, ki yayyafa ruwa safe da yamma. In ta fito, kar ki taɓa sai farin gefen ya ɓace.”

Manaja yana tsaye. Ko jira ta yi nisa bai yi ba.

“Haba Baba! Sirrin gida kake ba mai shara? Me za ta yi da shi, ta hura wuta?”

Inna ta ji. Ta gyara guntun itacen a hammata, ta ja tsintsiyarta ta wuce. Ni dai har yanzu in na tuna wannan magana sai raina ya ɓaci.

Bayan shekara biyu idon Baba ya yi yana, likita ya ce sai an yi aiki. Aka shirya zai yi sati uku a gidan ƙanwarsa yana jinya. Ranar tafiya ya damƙa wa Manaja makullin ɗakin.

“Feshi kawai za ka yi. Kar ka ƙara komai, kar ka rage komai.”

“Baba, kamar yau na fara? Je ka huta.”

Kwana biyu da tafiyarsa sai ga wakiliyar wani kamfanin lemo. Ta sha kofin Auta, ta bi sawu har shagon. Suna son fitar da sabon abin sha, in ji ta, kuma suna son laima mai yawa cikin wata huɗu. In an iya, su da gidan sun ƙulla ciniki ke nan.

Manaja ya ce an gama. Tun matar ba ta tada mota ba ya fara ganin hotonsa a jikin kwalaben lemo.

Auta ta ce, “Yaya, mu jira Baba.”

“Baba zai ce sai baɗi. Ke kin san duro ɗaya awa goma yake ci? Yaushe za a cika leda dubu a haka?”

Ya ɗebo ma'aikata, ya mayar da awa goma awa uku. Ledojin ba su gama hucewa ba aka buɗe su, ƙofa a wangale, hannaye ba wanki, ana hira ana zuba iri. Da irin ya ƙare saura ledoji da yawa, sai ya ɗaga kai ya dubi saman kanta.

Auta ta riƙe masa riga. “Yaya, don girman Allah, ban da wannan. Ita kaɗai ta rage.”

“Hatsi ne a kwalba, Auta. Ba Mama ce a ciki ba. In waɗannan suka kama, kwalba ɗari zan cika miki.”

Ya buɗe ta ya juye. Tsoffin ledojin Baba kuwa ya cire laimarsu duka, da nunanniya da mai farin gefe, ya busar a injin busarwa, ya zubar da ledojin don a sami wurin sababbi.

A can gidan ƙanwarsa Baba yana kishingiɗe da bandeji a ido. Da rana barci yakan ɗauke shi, kuma kusan kullum mafarki ɗaya yake yi. Ga shi a wani daji da aka gama ruwa, kowace bishiya ta fitar da jajayen laimomi tun daga gindi har sama. Matarsa tana gaba da zanen da take zuwa aiki da shi, tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Yana kiran ta, ba ta waiwayo, amma ba ta yi nisa ba. In ya farka sai ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancinsa, alhali ɗakin ƙamshin magani yake yi.

Ranar da aka kwance bandejin ya dawo gida yana murna kamar yaro. Yana ganin zanen jikin katako, yana ganin tururuwa a ƙasa. Ya ce bari ya je ya ga jajayensa da sabon ido.

Ya tura ƙofa. Kore.

Daga ƙasa har rufi koriyar fumfuna ta cinye ledojin, wari mai tsami ya cika ɗakin. Ya ɗaga kai. Kwalbar Mama tana nan a wurinta, an wanke ta fes, babu komai a ciki.

Bai yi faɗa ba. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Zama ya yi a bencinsa, ya ɗora kwalbar a cinya.

Auta tana kuka ta ce, “Baba, akwai gari a shagona. Ba za a iya tada shi daga nan ba?”

“Wanda wuta ta busar ba ya tashi, 'yata.”

Manaja ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ana sayar da iri a waya, Baba. Zan sa a kawo mafi kyau.”

Baba ya dube shi da sabon idon nan. “Za a kawo iri. Amma ba wanda uwarka ta yanko da hannunta ba.”

Kwana uku suna buɗe ledoji ko za a sami ɗaya mai rai. Babu. Kamfani ya ji labari ya nemi wani wurin, kuma ba wanda ya damu da wannan a gidan. Abin da ya dame su Baba ne. Ya daina shiga ɗakin, ya daina dariyar safe. Sai ya zauna a ƙofar shago yana kallon titi.

Rana ta huɗu da sassafe Manaja yana turo baro cike da korayen ledoji zuwa wurin zuba shara, sai ya ci karo da Inna.

“Ɗana, lafiya? Me ya sami furannin Malam?”

Ya so ya wuce. Amma abin ya yi masa nauyi, sai ya tsaya ya faɗa mata komai, har da kwalbar.

Inna ta jingine tsintsiyarta. “Je ka kira mahaifinka.”

Gidanta ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani lungu. A bayansa akwai tankin ruwa mai ɗiga, ƙasan wurin kullum a jiƙe. Ta ɗaga wani tsohon buhu da ta yi rumfa da shi.

Guntun itacen ne. Ya yi baƙi, ya tsattsage. A jikinsa laima uku, jajaye masu sheƙi, raɓa tana kwance a kansu, kowacce da farin gefenta.

“Sau huɗu tana ba ni,” in ji Inna. “Ina jefa ɗan guntu a shayi. Waɗannan sati uku ke nan ina kallon su, raina yana biyawa. Amma ka ce kar a taɓa sai farin ya ɓace, shi ya sa na bar su.”

Baba ya durƙusa a cikin laka da fararen kayansa. Ya kai yatsa kusa da farin gefen, bai taɓa ba.

“Farin nan shi ne alamar tana kan girma,” ya ce. “Tana da rai. Daga wannan za a iya tadawa.”

Sai ya juya fuskarsa wajen tankin. Ya ce a hankali, kamar mai magana da matarsa, “Ashe nan kika tsaya kina jira na.”

Manaja ya zube gaban tsohuwar. “Inna, ki yafe mini. Na faɗi magana a kanki ranar da aka ba ki itacen nan.”

“Na ji ta ai,” in ji Inna. “Ka ce wuta zan hura. Ranar da iskar gas ɗina ta ƙare har na dube shi sau biyu. Tashi, kana ɓata wandonka.”

Laima ɗaya kawai Baba ya roƙa. Ya wanke ɗakinsa tun daga rufi, ya wanke hannu, ya ƙona bakin wuƙa, ya tsaga laimar ya ciro ɗan tsoka daga cikinta, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya sa a kwalbar Mama da ya zuba wa sabon dafaffen hatsi, ya rufe.

Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyar, shiru. Kullum da safe su uku suke tsayawa gaban kanta suna leƙe. A rana ta tara Auta ta yi ƙara. Wani farin zare siriri kamar auduga ya fito, ya kama ƙwayar hatsin da ke kusa da shi.

Yanzu in ka bi ta layin za ka ga Manaja a gaban duro, da agogo a hannu, yana gyara wuta. Awa goma cif. Mutanen layin sun fara ce masa Ƙaramin Sannu, kuma yana amsawa.

Da irin ya yi ƙarfi Baba ya raba shi kwalba uku. Ɗaya ta aiki, ɗaya ta koma saman kanta. Ta ukun, ta Inna, ya naɗe ta a tsumma mai tsabta, yana neman takalminsa.

Manaja ya miƙo hannu biyu. “Baba, zauna. Ni zan kai mata.”

Darasi: Abin da ka ba wani da zuciya ɗaya bai bar hannunka ba, ajiya ka yi a inda ɓarnar gidanka ba za ta kai ba. Kar ka raina mai tsintsiya, kar kuma yayin kasuwa ya sa ka gajarta aikin da magabata suka ce sai an jira shi. Ku tura wa ɗan'uwan nan naku mai yawan sauri, ku kuma faɗa mana a ƙasa: wace kwalba ce a gidanku ba a taɓawa?