Surukar da Ta Ƙi Zama a Kujerar Gaba

Akwai wani mutum, manomi, yana da mota a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Da ita yake kai doya kasuwa, da ita yake kwaso taki. Shi kullum yana gaba, riƙe da sitiyari. Kujerar baya kuwa ta ga duniya. An jibga mata buhuna, an ɗaure mata awaki, sosonta ya ƙare, ƙarafuna sun leƙo. Amma mutumin bai sani ba, gama bai taɓa zama a kanta ba.

Ana nan sai aka yi wa surukarsa aiki a ciki, a asibitin birni. Da sallama ta kusa, likita ya ja shi gefe ya ce, "Ɗinkin nan ɗanye ne. In mota ta jijjiga ta, zai buɗe. In ya buɗe a daji, ba abin da za ka iya yi." Hanyar ƙauyensu kuwa damina ta gama da ita, rami yana gaida rami.

Hankalin mutumin ya tashi ƙwarai. Ya ruga wurin mai gyaran kujeru ya ce, "Wannan ta gefen direba, ka cika ta da soso mai kauri, ka rufe da fata mai laushi." Ya ɗan sosa ƙeya ya ƙara da cewa, "Tun da ka fara, ka taɓa tawa ma."

Ranar sallama ya buɗe ƙofar gaba, ya durƙusa ya ce, "Mama, ga wuri."

Tsohuwa ta dubi kujerar, ta dubi ƙasa, ta ja mayafi ta rufe baki. Ta juya wurin 'yarta Afiniki, matar mutumin, ta ce, "Ke, gaya wa mijinki, ni ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da suruki ba. Yau zan fara, da furfurata?"

Afiniki ta ce, "Haba Mama, ciwonki fa?"

"Ciwon nawa ne ko naki?"

Aka yi roƙo, aka yi lallashi, ina! Ta shiga baya, 'yarta ta zauna kusa da ita.

Da suka bar kwalta, mota ta fara rawa. Gaf! Ƙiƙi-ƙaƙa! Gaf! Mutumin yana kan sabon sosonsa, sama-sama yake jin abin. Ya ce, "Mama, lafiya dai?"

Wata 'yar siririyar murya ta ce, "Ki ce masa lafiya lau."

Hadari kuma ya haɗu a gabas, ga rafi a gabansu wanda in ya cika ba ya ƙetaruwa. In ya yi gudu, ɗinki. In ya yi a hankali, ruwa. Ya saci kallo ta madubi, sai ya ga tsohuwa ta cije bakin mayafi, gumi yana bin wuyanta.

"Mama, lafiya?"

"Ki ce masa ya dubi hanya."

Can sai Afiniki ta ƙwala ihu, "Baban Iliya, tsaya! Jini!"

Ya taka birki, ya zagayo ta ɗaya ƙofar. Ga ɗigon jini ya ɓullo ta zane. Ya zauna a gefen kujerar don ya duba da kyau, sai ƙarfe ya soke shi. Ya yi tsalle har kansa ya bugi rufi.

"Wayyo! A kan wannan kuke tun daga birni?"

Afiniki ta ce, "A kan wannan nake tun ranar da ka sayi motar."

Mutumin ya zagaya gaba. Ya zaro wuƙar da yake yanka igiya da ita, ya farke sabuwar fatar nan, ya ciro soson kujerar baƙo. Bai isa ba. Ya farke tasa ma. Ya shimfiɗa duka a baya, suka kwantar da tsohuwa, kanta a cinyar 'yarta. Shi kuma ya hau kan tsuran ƙarfe ya tada mota.

To, daga nan tuƙinsa ya canza. Kowane rami shi yake fara ji, don haka tun daga nesa yake kauce masa. Suka ƙetare rafin yayyafi na sauka. A ƙaramin asibitin ƙauye, ma'aikaciyar jinya ta duba ta ce bakin ɗinkin ne kaɗai ya saki, ta gyara shi.

Da tsohuwa ta dawo hayyacinta ta ce, "Afiniki, ki ce wa mijinki Allah ya yi masa albarka. Ki kuma nema masa man zafi, na ga yadda yake tafiya."

Ma'anar wannan misali ita ce: mutumin nan mu ne. Yana da ƙauna, ba a ce ba shi da ita ba. Amma ya gyara wurin da shi yake so a zauna, bai gyara inda mutane suke zaune da gaske ba. Motar ita ce gidanka, ita ce kuma majami'armu. Kujerar baya ita ce wurin waɗanda ba sa ƙara: uwar da take cin abinci a ƙarshe, gwauruwar da take zama a bencin bakin ƙofa, ƙanenka da kullum shi ake aike. Ka tambaye su, su ce lafiya lau. Kai kuma ka ji daɗi ka wuce, alhali kunya ce ta amsa maka.

Ubangijinmu Yesu bai leƙo mu ta madubi ba. Ya bar kujerarsa, ya sauko inda muke, ƙarfe kuma ya soke shi. Saboda haka ya san ciwonmu tun ba mu faɗa ba.

Kai da kake gaba, kada ka jira sai an yi ihun jini. Wani da kake ƙauna yana bayanka yanzu, ya cije baki yana cewa lafiya lau. Ka tsaya, ka zagaya, ka zauna inda yake.